Wayar da Ta San Baba

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa? Mu dai muna nan, sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Kin san shagonmu: keken ɗinki biyu, teburin yanka, benci ɗaya. Ko haɗiye miyau na yi Baba zai ji. A gida ma labule ne tsakaninmu. Abin da zan gaya miki ba ya faɗuwa yana kusa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Maganar ƙafar Baba ce. Ciwon nan na babban yatsansa na dama, wanda ya ce miki tuntuɓe ne, wata biyu ke nan bai rufe ba. Ni a ƙarar keke na fara ganewa. Da, in ya ɗora ƙafa a mataki, sai ya kai ƙarshen hannun riga bai tsaya ba. Yanzu sai ya tsaya sau uku, ya sunkuya kamar zare yake gyarawa, alhali ƙwaurinsa yake matsawa. Na je na gaya wa Mai Aski maƙwabcinmu, tunda shi kaɗai yake iya yi wa Baba tsiya ya kwana lafiya. Ya leƙo da tawul a kafaɗa ya ce, "Jirgin Ƙasa, hayaƙi na tashi amma taya ta tsaya? Tashi mu je a duba ka."

Talata muka je asibiti. Likita ya kama ƙafar ya daɗe yana lalube a bayan idon sawu. Ya tambayi Baba karan taba nawa yake sha a rana. Baba ya ce kaɗan. Likita ya dubi yatsun hannunsa biyun nan da suka rine, bai sake tambaya ba. Ya ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke, jini ba ya isa yatsan yadda ya kamata, kuma kowane kara ɗaya ƙara tsuke su yake yi. In ya bari, akwai fatan ciwon ya rufe. In bai bari ba, yatsan zai tafi, daga yatsa kuma sai ƙafa.

Yaya, tela babu ƙafar dama! Ban iya duban Baba ba, sai takalminsa na duba.

Da muka fito, wata malamar asibiti mai gilashi ta tsayar da mu. Ta ce suna da wani shiri, za a riƙa turo saƙo a waya sau uku a rana, da Hausa, don taimaka wa mai son barin taba. Baba ya ce shi ba ya karanta boko, wayarsa ta ɗauka ce kawai. Sai ta karɓi lambata, ta ce ni zan riƙa karanta masa. Baba ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, shekara talatin matata tana faɗa ban ji ba, sai waya?" Ta ce, "Ita waya ba ta gajiya, Baba."

Saƙon farko ya zo da safe muna buɗe shago. Cewa ya yi, "Barka da safiya. Ka zaɓi ranar da za ka daina, ka gaya wa wani na kusa da kai." Na karanta masa. Ya ce, "Ka ce ina gaishe ta." Ya jawo aljihun keke, ya zaro kara ɗaya daga cikin zare da allurai, ya ƙyasta ashana.

Ki taya mu da addu'a. In kin kira shi kada ki nuna kin sani. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Na ga saƙon man shafawa, Baba ya ce a gode miki, ko da yake ya harare ni da ya gane daga ina labarin ya fita.

Yaya, na yi wani abu, ban sani ba ko daidai ne. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi min faɗa.

Sati biyu saƙon nan yana zuwa, Baba ya mayar da shi abin dariya. "Ka sha ruwa a hankali." "Ka ja numfashi sau goma." "Sha'awar taba minti kaɗan take yi ta wuce." Ba ƙarya suka faɗa ba, amma ba su san Baba ba. In waya ta yi ƙara sai ya ɗaga murya ya ce wa Mai Aski, "Zo ka ji, malamata ta iso!" Ni kuwa ina wanke masa ciwon safe da yamma, ina ganin bakinsa yana ƙara duhu.

Kin san yadda yake yi. In ya gama riga, ya ciji zare, ya kakkaɓe ta, ya rataye, sai hannunsa ya tafi aljihun keke da kansa. Ba tunani a ciki. Riga ɗaya kara ɗaya, wando kara ɗaya, babbar riga biyu. Tun ina ɗebo masa guntayen yadi a ƙasa nake kallon wannan hannun. Sau nawa maganar take zuwa min har bakina! Amma ya zan buɗe baki in ce wa Baba ya bari? Ko ke da kika fi ni baki ba ki taɓa iyawa ba.

Ran Litinin ta makon jiya ya gama wani wando, hannun ya kama hanya, sai waya ta yi ƙara. Saƙon ya ce, "Ka lura da lokutan da ka fi jin sha'awar taba." Iyakarsa ke nan. Na karanta. Sai na ji bakina bai tsaya ba. Idona na kan waya na ce, "Kai naka lokacin shi ne in ka ciji zare. Yau in ka ciji zare, ka bar aljihun nan a rufe, ka ɗauki wani yadin."

Hannunsa ya tsaya a kan marfin. Ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗauki wani yadin.

Tun daga ranar nake ƙarawa. In karanta nasu, in ɗora nawa. Na ce masa karan da yake saƙalewa a bayan kunne shi ma na aljihu ne, kada ya yi wa kansa wayo. Na ce in Mai Shayi ya miƙo masa ɗaya ya ce likita ya hana, ba abin kunya ba ne. Wata rana na ce, "Akwai wanda yake wanke maka ƙafa kullum, ba ya magana, amma gabansa faɗuwa yake yi." Muryata ta so ta karye a nan, sai na yi tarin ƙarya. Baba bai dube ni ba. Da yamma da na durƙusa da kwanon ruwan ɗumi, sai na ji tafin hannunsa a kaina, ɗan lokaci kaɗan, ya ɗauke. Rabon da ya yi min haka tun Inna na da rai.

Ya daina kiranta malamata. Yanzu cewa yake, "Wannan waya ta san ni." A zatonsa malamar nan mai gilashi ce take zama ta rubuto masa shi kaɗai. Har cewa ya yi zai ɗinka mata mayafin tebur.

Daga kwali guda ya koma biyar, ya koma biyu. Yau kwana shida ko ɗaya bai sha ba. Amma fa shagon ba ya shiguwa. Ya yi faɗa da almakashi, ya yi faɗa da dutsen guga, jiya ya farke wuyan riga sau uku ba abin da ya same shi. Mai Aski ya ce, "Jirgin nan da ya daina hayaƙi sai ya koma yin ƙaho." Ya kawo masa asuwaki, yanzu shi yake taunawa kamar zai cinye itacen.

Duk Juma'a suna turo tambaya ko ya sha a satin, a amsa da e ko a'a. Wannan gaskiya nake ba su, ban taɓa yi musu ƙarya ba. Baba kaɗai nake yi wa. Shi ne abin da yake damuna. In na ga ƙafar sai in ce na yi daidai. In na ga yadda yake gyara zama ya saurara in waya ta yi ƙara, sai in ji kamar ina yi masa sata yana yi min godiya.

Ki gaya min abin da kika gani. A shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Lahadi

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan ba lafiya ba.

Kin ce in janye a hankali tun bai gane ba. Na so in ji maganarki. Ban ji ba.

Ran kwana na goma sha shida na dawo daga kai ɗinki, na hango shi a bayan shago da Mai Shayi, kara a hannunsa, bai kunna ba, yana jujjuya shi yana sunsunawa. Da ya gan ni ya sa a aljihu. Na zauna a kekena ina ta neman maganar da ta fi duk waɗanda na faɗa nauyi. Na samo ta, da ma ban samo ba.

Ba ki san wannan ba, ba kya nan. Kwana biyu kafin Inna ta rasu, ina bayan labule ina ninke kaya, na ji ta ce masa, "Abu ɗaya nake roƙonka, ka bar tabar nan, yaron nan ba shi da kowa sai kai." Ya ce, "Na bari." Ta ce ya sake faɗa, ya sake faɗa. Bai san na ji ba. Shekara shida ban gaya wa kowa ba.

Saƙon yamma ya zo, na shan ruwa ne da ɗan tattaki. Na karanta, na ɗora: "Akwai alkawarin da ka ɗauka a bakin gado, har sau biyu. Mai alkawarin ba ta nan, amma alkawarin yana nan."

Keken ya tsaya. Ya daɗe yana kallon allura. Can ya ce, "Sake karantawa."

Yaya, na manta da wa nake magana. Mutumin da yake riƙe awon mutum ɗari a kansa ba ya rubutawa. Na sake, amma na ce "a gefen gado", na kuma sa "sau biyu" a ƙarshe. Ya ce, "Ɗazu ba haka ka ce ba. Kawo." Na miƙa masa. Ya kai wayar kusa da ido. Ba ya karatu, amma yana awo. Ya ɗora babban yatsansa a kan rubutun ya rufe shi duka. Ya ce, "Rubutun bai fi inci ɗaya ba. Maganar ta kai yadi."

Ya tashi yana ɗingishi ya shiga wurin Mai Aski da wayar. Ina jin su ta bango. Mai Aski ya so ya rufa min asiri, ya ce gilashinsa ba ya kusa. Baba ya ce, "Ga shi nan a goshinka." Ya sa shi ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko. Ruwa, numfashi, tattaki, barka da ƙoƙari. Ba zare, ba aljihun keke, ba mai wanke ƙafa.

Da ya dawo ya ajiye min wayar a kan teburin yanka, a hankali. Da duka ya yi min da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ni ka mayar abin wasa, na haƙura. Amma uwarka ka sa a bakin waya?" Na durƙusa na ce Baba ka yafe min. Ya ce, "Laɓe kake yi mana ashe."

Ya fita ya sayo sabon kwali. Ya zauna a kekensa ya farke ledar a gabana, ya kunna, ya busa hayaƙin sama. Ya gama ya kunna wani.

Yau kwana takwas ba ya yi min magana sai ta aiki: miƙo alli, hura gawayin guga. Ya hana ni taɓa ƙafar, shi yake naɗe ta da kansa, kuma ba ya iya sunkuyawa sosai. Jiya da yake alwala na saci kallo. Yatsan ya yi baƙi har gindinsa, na kusa da shi ma ya fara. Akwai wari, Yaya. Ya koma taka keke da ƙafar hagu, ɗinkin yana fita a karkace, yana farkewa yana sakewa.

Saƙon bai fasa zuwa ba, sau uku a rana. In ya yi ƙara duk mu biyun sai mu yi kamar ba mu ji ba. Ran Juma'a da suka yi tambaya na amsa musu e, ya sha. Malamar ta kira ta ce mu zo Talata kada mu jira ranar da aka sa mana. Mai Aski ya ce ko ɗaukarsa zai yi sai ya kai shi.

Da na bar shi da saƙon ruwa da numfashi, da bai daina ba ko kwana ɗaya. Da na tsaya inda kika ce, da yau yana kwana ashirin da huɗu. Ina ta juya wannan a raina. Ki yafe min maganar Inna da na ɓoye miki.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, na gode da kiran da ya yi. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, takardar a kan gwiwata, shi ya sa layin yake hawa da sauka.

Kin ji a waya an cire yatsu biyu. Ga abin da ban faɗa ba. Na tare likita a baranda na tambaye shi ko kwana takwas ɗin nan ne suka jawo. Ya ce ɓarnar ta shekaru ce, ba zai iya ce min kwana takwas ne ko ba su ba ne. Ya ce sauran ƙafar tana nan a yanzu, amma in Baba ya koma, za mu sake haɗuwa, kuma ba a yatsa za a tsaya ba. In ciwon ya rufe zai iya taka keke da diddige da sauran yatsun.

Ɗakin gado takwas ne. Baba yana na kusa da taga, ƙafar a kan matashi, an naɗe ta ta yi girman kai. Abu na farko da ya ce da ya farfaɗo, wai wanda ya ɗinka labulen ɗakin nan bai san aikinsa ba. Mai Aski ya ce, "Alhamdu lillahi, Jirgi bai mutu ba." Ni dai bai ce min komai ba. In ba shi ruwa ya karɓa, in gyara masa matashi ya ɗaga kai, shi ke nan.

Shekaranjiya bayan azahar Mai Aski ya koma shago, muka rage mu biyu. Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na yi kamar ban ji ba. Baba yana kallon silin ya ce, "Karanta."

Na fito da ita na karanta masa daidai yadda yake: "Komawa ba faɗuwa ba ce. Mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su bari. Yau ma rana ce." Na tsaya. Na juya masa fuskar wayar ya ga tsawon rubutun.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya ce, "Ci gaba."

Na ce, "Ya ƙare."

Ya ce, "Na san ya ƙare. Ajiye ta. Kai nake ce wa."

Na kife wayar a kan gado. Yaya, sati uku ina zuba magana kamar mai wa'azi ina fakewa da ita. Da aka raba ni da ita sai na rasa ko kalma ɗaya. Na dubi bandejin, na dubi hannuna. Mutumin gadon kusa ya juya mana baya, Allah ya saka masa. Da ƙyar na ce, "Baba, tsoro nake ji."

Sannan ya ce, "Ni ma."

Can ya ce, "Uwarka ta ce in sake faɗa, ka ji wannan ma?" Na ce na ji. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ga shi ka zama shaida, ba yadda zan yi da kai." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ba ni makullin shago, ya ce in je in kwashe abin da ke aljihun keke, in kawo masa asuwakinsa.

Na je jiya. Kwalin nan da ya saya don ya ƙona min rai yana nan cikin zare. Na ƙirga, saura goma sha bakwai. Uku ya sha, biyu a gabana, ɗaya ban san yaushe ba. Na zauna a kujerarsa na daɗe. Ban sani ba ko akwai wani kwalin a wani wuri, ko Mai Shayi ya riƙa ba shi a bayan shago. Ban tambaya ba. Na jiƙa su a ruwan guga na zubar a kwata.

Ba zan ce miki ya bari ba. A nan ba halin sha, gwajin yana shago, ranar da zai gama rigar farko ya ciji zare. Na ce wa malamar ta sake sa mu daga farko, ta sa. Yanzu in saƙo ya zo ina karanta nasu, in kife wayar, shi kuma ya jira. Yau da safe abin da na iya cewa kawai, "Baba, ka ci abincinka." Ya ce, "Da kana waya ka fi iya magana." Amma ya ci.

Za a sallame mu Laraba in Allah ya so. Ki zo, Yaya, ko kwana biyu ne. Akwai abin da ke ma kike son gaya masa tun da daɗewa, na sani. Ki zo ki faɗa da bakinki, yanzu yana saurare.

A gaida yara, a ce Kakansu yana tambayarsu.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta